Taswirar da ke nuna inda gangare zai zabtare



A watan Oktoba na 2019, bayan ruwan sama mai yawa, gangaren tudu ya zabtaro cikin dare a Bafusam, ƙasar Kamaru. Ya binne gidaje, mutum fiye da 40 suka rasu. Ruwanmu bai kai na Kamaru ba, amma mai gona a gindin tsaunukan Adar ko a bakin kori ya san aikin ruwan dare guda.

Mi ke kawo zabtarewa? Ƙasar da ke bisa gangare, mai kaurin metir 1 ko 2, abu biyu ke jayayya a kanta. Nauyinta na jan ta ƙasa. Danƙonta da saiwoyin itace na riƙe ta. In ruwa ya cika ta har ya tarar da dutse a ƙarƙashi, nauyi ya ƙaru, riƙo ya ragu, sai ta sulale.

Yau masana na auna wannan jayayya da kwamfuta, da manhajar taswira irin QGIS, wadda kyauta ce. A shekarar 2000 wani kumbon Amurka ya auna tudu da kwari na mafi yawan duniya, kusan kowane metir 30. Da wannan awo manhajar ke gane tsayuwar gangare da inda ruwa ke taruwa. A ƙara mata irin ƙasa, kaurinta da yawan ruwan sama. Sannan lissafi, irin SINMAP, ya raba ƙarfin riƙo da ƙarfin ja. In amsa ta wuce 1, gangare na tsaye. In ta kasa 1, akwai haɗari, sai a shafa wa wurin ja a taswira.

Amma ku lura: awon metir 30 ba ya ganin ƙaramin kwazazzabo, kuma kaurin ƙasa sai an gina rami ake saninsa. Nan ne idonku ke da amfani. In kun ga tsaga a saman gangare, ko itace ya karkata, ko ruwa na tsattsafowa a gindin tudu, ku shaida wa malamin gona.

Kada ku gina ɗaki a gindin gangare. Kada ku ɗebi ƙasar tubali a nan, kada ku sare itacen da ke bisa. Tassa da rabin wata na shayar da ƙasa ruwa: a fako alheri ne, a gangare mai tsayuwa ku yi shawara tukuna.

Allah ya ba mu damana mai albarka.