Ko Kun Sani? Tacos ɗin Faransa ba daga Meziko ya zo ba

Abincin nan da matasan Faris ke layi a kansa da dare, wanda suke kira tacos, haifaffen unguwannin bayan garin Lyon ne, musamman Vaulx-en-Velin, a farkon shekarun 2000. Masu shagunan abinci 'yan asalin Arewacin Afirka ne suka ƙirƙiro shi. Tacos ɗin Meziko ɗan faifan masara ne da bai wuce tafin hannu ba, a buɗe ake cin sa da nama da albasa da lemun tsami. Na Faransa kuwa babban faifan alkama ake shimfiɗawa, a zuba nama da soyayyen dankalin Turawa, a kwarara narkakken cuku, a naɗe shi kamar ƙunshin goro, sannan a matse shi a ƙarfe mai zafi har zanen gashi ya fito a bayansa. Mai saye ke zaɓar miyarsa, wani ta Aljeriya, wani ta kori, kodayake mai girki a Indiya da wuya ya gane korin nan. Abin da ya sa ya karɓu a fili yake: yawancin shagunan naman halal suke sayarwa, kuɗinsa bai kai na gidan abinci ba, guda ɗaya kuma yana riƙe cikin ɗalibi har dare. Yau kamfanin O'Tacos mai sayar da wannan abinci yana da ɗaruruwan rassa, har a Beljiyam da Maroko.