Abin da sabunta iƙama ke ci a Saudiyya, da wanda ke biya

Duk ɗan Nijeriya da ke aiki a Saudiyya, likita ne a Riyad ko direba a Jidda, zamansa ya rataya ne a kan iƙama, wato katin izinin zama da hukumar fasfo ta ƙasar, Jawazat, ke bayarwa. Idan katin ya mutu ba a sabunta ba, banki kan rufe asusun mai shi, ya kasa tura wa iyalinsa kuɗi gida.

Kuɗin katin kansa ba shi ne matsala ba: riyal 650 ne a shekara ga ma'aikacin kamfani. Nauyin yana kan harajin izinin aiki, wanda tun 2020 ya kai riyal 800 a wata a kamfanin da baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa, riyal 700 kuma inda ba su fi ba. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora waɗannan kuɗaɗe, har da tarar jinkiri, a kan mai aiki, wato kafili. Saboda haka kafilin da ya yanke su daga albashin ma'aikaci ya saɓa doka, ko da yake da yawa kan yi shiru don tsoron rasa aiki.

Abin da ma'aikaci ke biya daga aljihunsa shi ne harajin iyali. An fara shi a Yulin 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 24,000 a shekara, wato dala 6,400, tun da an ɗaure riyal a kan 3.75 ga dala tun 1986. Ba abin mamaki ba ne magidanta da dama suka gwammace su mai da iyali gida su riƙa aiko musu da kuɗi. Manufar gwamnati kuwa a fili take: samun kuɗin shiga ban da na mai, da kuma tsadantar da ɗaukar baƙo don a ɗauki ɗan ƙasa.

Ana sabuntawa ta intanet, ta manhajar Absher ko Muqeem, matuƙar fasfo yana da rai kuma an biya inshorar lafiya. Tun 2021 an yarda a yi ta wata uku-uku maimakon shekara guda, abin da ya rage wa ƙananan kamfanoni nauyi, amma bai shafi masu aikin gida ba.

Tarar jinkiri riyal 500 ce a karo na farko, 1,000 a na biyu, a na uku kuma ana iya korar mutum daga ƙasar. Tarar tana kan kafili, amma korar a kan ma'aikaci take faɗawa. Garambawul ɗin Maris na 2021 ya ba ma'aikacin kamfani damar komawa wani wurin aiki ba da yardar kafili ba idan iƙamarsa ta mutu ba a sabunta masa ba.