Allura Maimakon Wuƙa: Maganin Kumburin Jijiyoyin Ƙafa

Jinin da zuciya ke turawa zuwa ƙafa ba ya shan wahala wajen sauka. Wahalar tana wajen dawowa, domin hawa yake yi daga tafin ƙafa har ƙirji. Abubuwa biyu ke taimaka masa. Na farko shi ne naman sha-raɓa, wanda ke matse jijiyoyi a duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa. Na biyu kuwa wasu ƙananan murafu ne a cikin jijiyoyin, masu buɗewa idan jini zai hau, su rufe idan ya nemi komowa. Idan murafun nan suka saki, sai jini ya riƙa kwantawa a ƙasa, jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata su kumbura, su kanannaɗe kamar igiya.

Gado, yawan haihuwa, ƙiba, tsufa da doguwar tsayuwa duk suna jawo wannan larura. Mai fama da ita yakan ji nauyi da tsami a ƙafa, musamman da yamma. Idan abin ya daɗe, fatar idon sawu takan yi duhu ta taurare, har ta kai ga gyambon da ke shafe watanni bai warke ba.

Yadda allurar ke aiki

A da, sai an sa wa majiyyaci maganin barci, a tsaga matsematsinsa, a zare jijiyar gaba ɗaya. Hanyar allura kuwa ba ta buƙatar haka. Likita na zuba wani magani a cikin jijiyar da ta lalace, maganin ya ƙone fatar da ke shimfiɗe a cikinta, bangonta ya manne, ta toshe. Cikin 'yan watanni sai ta zama zare, jiki ya shanye ta. Ba gyara jijiyar ake yi ba, rufe ta ake yi. Wannan ba ya tauye ƙafa, domin mafi yawan jinin da ke komawa zuciya ta jijiyoyin cikin tsoka yake bi.

Dabarar ta sha faɗi-tashi. A shekarar 1853 likitocin Faransa suka fara gwada ta da ruwan gishirin ƙarfe, amma saboda yawan ruɓewar nama da cututtukan da suka biyo baya, taron likitocin fiɗa da aka yi a birnin Liyon a 1894 ya yi watsi da ita. Ta farfaɗo ne bayan samun magunguna masu sauƙin illa, kamar sodium tetradecyl sulfate a 1946, daga bisani kuma polidocanol. A 1963 Farfesa George Fegan na birnin Dabilin ya bayyana sakamakon aikinsa a kan majiyyata fiye da 13,000, inda ya nuna cewa rabin nasarar tana ga ɗaure ƙafar da bandeji tamau da kuma yawan tafiya bayan allura.

Sirrin kumfa

Ruwan magani yana da rauni guda: da zarar ya shiga babbar jijiya sai jini ya surka shi ya tafi da shi. Likita Juan Cabrera na ƙasar Sifen ya shawo kan wannan a shekarun 1990, ta hanyar mai da maganin kumfa. A shekarar 2000 kuma Lorenzo Tessari na Italiya ya fito da hanya mai sauƙi: sirinji biyu a haɗe, kashi 1 na magani da kashi 4 na iska, a yi ta turawa tsakaninsu har su zama kumfa mai kauri. Kumfar tana ture jini gefe, ta daɗe a jikin bangon jijiyar. Bugu da ƙari, ana ganinta sarai a na'urar hoto mai aiki da sauti, don haka likita na kallon inda take bi. Aikin ba ya cika wuce rabin sa'a, kuma majiyyaci da ƙafarsa yake komawa gida.

Iyakarta

Sai dai jijiyar da aka toshe da kumfa ta fi saurin sake buɗewa a kan wadda aka ƙone da zafin leza, shi ya sa akan maimaita allurar. Ƙa'idojin da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2013 sun sa ƙonawa da zafi a sahun farko, kumfa a na biyu, fiɗa a na uku. Allurar takan bar tabo mai ruwan ƙasa ko curi mai zafi na ɗan lokaci. Jefi-jefi akan sami dishi-dishin gani mai wucewa, ko gudan jini a jijiyar cikin tsoka. Ba a yi wa mai juna biyu, ko wanda ke kwance ba ya iya tafiya.

Akwai kuma kuskure mai haɗari. Ba kowane ƙarancin gudanar jini a ƙafa ne kumburin jijiya ba. Masu ciwon sukari da mashaya taba sukan gamu da toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa. Alamarta ita ce ƙafa mai sanyi, da ciwon sha-raɓa da ke tasowa yayin tafiya ya lafa idan an tsaya. Allurar nan ba ta maganin wannan, kuma matse irin wannan ƙafa da bandeji ko safa na iya kashe naman. Saboda haka, kafin allura ta taɓa fata, wajibi ne a auna ƙarfin jinin idon sawu, a kuma ɗauki hoton jijiyoyin a gano murfin da ya saki.