Don Allah a Daina Goge Faifai Saboda Rumbu Ya Ɓace a Netwok

Akwai wata magana da ta zauna a bakin wasu masu gyaran kwamfuta, har masu kayan ma suka karɓe ta hannu bibbiyu: wai da zarar an canza wa rumbun ajiya na gida bod ko katin netwok, aka neme shi daga sauran kwamfutoci aka rasa, to shi ke nan, kayan ciki sun tafi, sai dai a yi wa faifan fomatin a sake zubi daga farko. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cin dukiya. Mai ɗaukar hoton biki da ya tara aikin shekaru, da mai haɗa bidiyon da bai miƙa wa masu shi ba tukuna, su ne ke kwana a ciki.

Rumbun da nake nufi shi ne na'urar da ake kira NAS, akwati mai faifan ajiya biyu ko huɗu da ake jonawa da rauta ta kebul, kowa a gida ko shago ya riƙa ajiye kayansa a ciki. Wasu na sayen na Synology ko QNAP, wasu su ɗauki tsohuwar kwamfuta su zuba mata TrueNAS ko OpenMediaVault ko Unraid. Masu irin na biyun nan su suka fi faɗawa wannan rami, don su ke yawan buɗe ciki su ƙara wani abu.

To, me ke faruwa idan an canza bod? Kowane katin netwok yana da lambarsa ta kansa da ake kira MAC, haruffa da lambobi 12 da kamfani ya ɗora masa. Da ita rauta ke gane na'ura, ta ba ta adireshi irin su 192.168.1.20. Sabon bod yana zuwa da sabon kati, sabon kati da sabuwar lamba. A wurin rauta wannan baƙo ne da ba ta taɓa gani ba, sai ta ba shi wani adireshin dabam, a ce 192.168.1.47. Kwamfutarka kuwa tana nan tana ƙwanƙwasa tsohon adireshi, ba mai amsawa. Kamar mutum ne ya canza layin waya, ka kira tsohuwar lambarsa ba ta shiga ba, sai ka tara dangi ka ce ya rasu a zo a raba gado.

Wani lokaci ma ba sai an taɓa katin netwok ba. Tun 2013 tsarin Linux suka fara komawa laƙaba wa kati suna gwargwadon gurbin da yake zaune a jikin bod, irin su enp3s0. Ka ƙara faifan NVMe ɗaya ko katin hoto, lissafin gurabe na iya gocewa, enp3s0 ya wayi gari enp4s0. Fayil ɗin saiti yana neman tsohon suna, bai same shi ba, sai na'urar ta tashi lafiya lau, fanka na juyawa, fitilu na haske, amma ba ta da adireshi ko ɗaya. A tsohon TrueNAS da aka gina kan FreeBSD kuma sunan yana bin kamfanin kati ne: na Intel em0 ko igb0, na Realtek re0. Ka sauya kamfani, suna ya sauya.

A duk wannan bayani, ina aka taɓa faifai? Babu. Hotunan suna kwance inda aka bar su. Hasali ma tsarin da rumbunan nan ke amfani da shi an ƙera shi ne yadda zai jure wa sauyin bod. ZFS, wanda TrueNAS ke aiki da shi, yana rubuta bayanin yadda aka haɗa faifan a jikin kowane faifai har sau huɗu, biyu a farkonsa biyu a ƙarshensa. Haɗin RAID na Linux ma a jikin faifan yake ajiye nasa bayanin. Shi ya sa za ka iya kwashe faifan gaba ɗaya ka kai su wata na'urar mai irin tsarin, ta karanta su ta dawo da rumbun yadda yake. Abin da bod ɗin da ya ƙone bai iya ɓatawa ba, shi mai gyara zai zauna ya goge da hannunsa cikin minti biyu, kuma ya miƙo hannu a biya shi ladan aiki.

Inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne dabarar nan ta zare faifai daga rumbu a jona shi da kwamfutar Windows wai don a duba ko kayan na nan. Windows ba ta karanta ZFS, ba ta karanta ext4 ko Btrfs haka kawai. Abin da za ta yi shi ne ta nuna faifan kamar fanko, ko ta fito da saƙo cewa sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi. Sai mai gyara ya juyo da fuskar tausayi ya ce, “Ka gani ko, Alhaji? Babu komai a ciki.” Akwai komai a ciki, malam, kwamfutarka ce ba ta jin yaren. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya karɓi rumbun mutane ba, kuma ba abin kunya ba ne a ce wa mai kaya wannan ya fi ƙarfina. Kayan da aka kawo maka gyara amana ce a hannunka. Hoton ɗaurin auren wani ko na mahaifinsa da ya rasu ba a sayo shi a kasuwa.

Abin da ya kamata a yi kuwa bai kai wahalar fomatin ɗin ba. A fara da ido. A leƙa bayan rumbun inda kebul ya shiga, a ga ko ƙananan fitilun ramin suna ƙiftawa. In a mace suke, a sauya kebul, a sauya rami a jikin rauta. Wani sabon bod rami biyu gare shi, kuma mutum kan soka kebul a wanda ba a saita ba. A kula da kebul ɗin da aka matse da hannu a kasuwa: gudun gigabit yana buƙatar dukkan siraran wayoyi takwas na ciki, in ɗaya ta saki sai gudu ya faɗo zuwa megabit 100, ko layin ya riƙa zuwa yana ɗaukewa.

In fitilu na aiki, a shiga shafin rauta ta burauza. Adireshinsa na rubuce a ƙasan akwatin, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. A buɗe jerin na'urorin da ke jone, a nemi baƙon suna ko baƙon adireshi, a rubuta shi a burauza. Sau da dama nan maganar ke ƙarewa. Masu Synology suna da manhajar Synology Assistant da ke zaƙulo musu rumbu, masu QNAP suna da Qfinder Pro.

In babu shi a jerin, sai a ɗauko monita da kibod a jona da rumbun kai tsaye. Mutane na ƙyuyar wannan mataki, alhali shi ne mai raba gardama. TrueNAS zai nuna jerin zaɓi a baƙin allo, na farko shi ne saitin katin netwok. A OpenMediaVault a rubuta omv-firstaid, a zaɓi sabon katin. A sauran Linux a rubuta ip a, a ga sunan da katin ke amsawa yanzu, a kwatanta da wanda ke cikin fayil ɗin saiti, a gyara harafin da ya bambanta. Haka ne, harafi ɗaya. In kuma adireshin da ya bayyana ya fara da 169.254, na'urar ce ta ba kanta don ta nemi rauta ba ta samu ba, sai a koma kan kebul da rautar. Wanda ya canza rautar ma tare da bod ya tuna cewa rumbun da aka kafe wa 192.168.1.20 ba zai ji kiran gidan da ya koma 192.168.8 ba, sai an daidaita su.

Masu Synology suna da maɓallin sake saiti a baya. A danne shi kamar daƙiƙa huɗu har ya yi ƙara sau ɗaya, a saki: wannan yana maido da saitin netwok da kalmar sirrin mai gudanarwa, ba ya taɓa kayan ajiya. A tsaya nan, kada a sake dannawa, don dannawa ta biyu tana kai ga sake zuba tsarin na'urar.

Akwai kuma lokacin da rumbu ke amsa ping, wato gwajin ko yana kan netwok, shafinsa na buɗewa, amma foldoji sun ƙi fitowa a Windows. Yawanci tsohuwar hanyar da aka ajiye ce ke nuni ga tsohon adireshi, a cire ta a sake ɗaurawa da sabon. In wani ya ce a kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba foldoji a netwok, don ya fi sauƙi, a ƙi. Ta wannan ƙofar ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta kulle kwamfutoci a faɗin duniya a 2017, kuma tun a shekarar Microsoft ta fara cire shi daga sababbin Windows 10. Sauran dalilai, irin su katin da aka kashe a BIOS ko sabon kati mai gudun gigabit 2.5 da tsohon tsari ba shi da direbansa, akwai su, amma ba su kai waɗancan yawa ba.

Da an samo rumbun, a koma shafin rauta a ɗaure adireshinsa da sabuwar lambar MAC, musamman a garuruwanmu da ake ɗauke wuta, rauta ta mutu ta tashi, ta yiwu ta sake rabon adireshi. A rubuta adireshin da lambar a 'yar takarda a manna a gefen akwatin. Kafin buɗe ciki na gaba kuma, a sauke fayil ɗin saitin rumbun a filasha, a kwafe muhimman kaya zuwa wani faifan dabam da ba ya cikin akwatin.