Ka Ɗaga Hilux, Farfela Ta Fara Rawa?

Yau da masu Hilux ɗin da aka ɗaga nake, musamman ku masu tashi daga Katsina zuwa Batsari da Jibiya.

Farfelar Hilux mai ƙofa huɗu gida biyu ce, boris ɗin tsakiya ke riƙe da ita cikin roba a jikin shasi. Da ka ƙara wa mota tsayi, ko inci 2 ne, tazarar shasi da aksil ta ƙaru, farfela ta karkace, roba ta shiga uku.

Alamarsa? Karkarwa lokacin tashi, musamman da kaya, sai gunji daga ƙasa da ke ƙaruwa da gudu.

Ni yadda nake dubawa: in sa wa taya waigi, in cire giya, in girgiza farfela daf da boris. In ta yi wasa sosai ko roba ta tsage, ya mutu.

Amma sabon boris kaɗai ba magani ba ne, ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano ka sayo. Ka ce wa bakanike ya sauko da mazauninsa kaɗan da ƙarfen ciko, farfela ta daidaita. Kuma ya yi mata alama kafin ya kwance, ta koma yadda take.

Allah ya tsare hanya, sai shiri na gaba.