Fataken Yahudawa da Kafuwar Garuruwan Turawa a Nahiyar Amurka

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar kafuwar garuruwan Turawa a nahiyar Amurka, an fi ambaton sarakuna da sojoji da matuƙan jiragen ruwa. Amma gari ba ya zaunuwa sai da kasuwa, kasuwa kuwa ba ta ci sai da masu jari da dillalai. Wannan maƙala za ta dubi wani rukuni na irin waɗannan 'yan kasuwa a ƙarni na 17, wato Yahudawan da asalinsu Sifaniya da Fotugal ne. Za a nuna yadda fatauci ya zame musu hanyar samun izinin zama, da yadda izinin yakan kuɓuce idan mulki ya sake hannu.

2.0 Asalinsu

A shekarar 1492 sarakunan Sifaniya suka ba Yahudawa zaɓi: ko su shiga Kiristanci ko su bar ƙasar. Da yawa suka ƙetara Fotugal, inda aka tilasta musu yin baftisma a 1497, aka riƙa kiran su "Sababbin Kiristoci". Da aka kafa kotun binciken addini a Fotugal a 1536, sai wasu suka fara ƙaura. Wajen ƙarshen ƙarnin an sami jama'arsu a birnin Amsatadam na ƙasar Holan, inda suka koma addinin kakanninsu.

Wannan watsuwa ita ce ta zama jarinsu. Ɗan kasuwa yana zaune a Amsatadam, ƙanensa yana Lisbon, surukinsa kuma yana Barazil. A zamanin da wasiƙa takan yi watanni a teku, samun amintaccen da zai karɓi kaya ya sayar, ya kuma aiko da kuɗi, babban abu ne. Bugu da ƙari, suna jin harshen Fotugal da na Sifaniya, waɗanda yawancin mutanen Holan ba sa ji.

3.0 Zamansu a Resife

A 1621 aka kafa Kamfanin Yammacin Indiya na Holan. A 1630 kamfanin ya ƙwace garin Resife da ke arewa maso gabashin Barazil daga hannun Fotugal, domin yankin ƙasar rake ce. Kamfanin ya yarda Yahudawa su yi addininsu, saboda haka ɗaruruwa suka zo. A nan aka gina Kahal Zur Isra'ila, majami'ar Yahudawa ta farko a nahiyar Amurka, kuma a 1642 malaminsu Ishaku Aboab da Fonseka ya iso daga Amsatadam.

Babban aikinsu shi ne dillanci tsakanin kamfanin da manoman rake masu jin harshen Fotugal. Suna sayen sukari su aika Turai, suna ba da rance, suna kuma karɓar kwangilar tara haraji. Haka kuma sun sa hannu a cinikin bayi. Kamfanin ne yake jigilar bayi daga Afirka ya yi gwanjonsu, wasu 'yan kasuwar Yahudawa su saya da kuɗi hannu, sannan su sayar wa manoma bashi. Idan aka dubi cinikin bayi na tekun Atilantika gaba ɗaya, kasonsu kaɗan ne a kan na manyan kamfanoni da masarautun Turai, amma arzikin sukarin da suka ci moriyarsa da gumin bayi aka tara shi.

A 1645 mutanen Fotugal suka yi tawaye, kuma a watan Janairun 1654 Resife ta faɗa hannunsu. Aka ba Yahudawa wata 3 su tattara nasu ya nasu.

4.0 Daga Resife zuwa Sabuwar Amsatadam

Yawancinsu sun koma Holan, wasu suka nufi tsibiran Karebiyan. A watan Satumban 1654 mutum 23, maza da mata da yara, suka sauka a Sabuwar Amsatadam, garin da daga baya ya zama Niyu Yok. Sun iso ba su da ko kuɗin jirgi, har aka yi gwanjon kayansu don a biya mai jirgin. Gwamnan garin, Pita Stuyvesant, ya rubuta wa shugabannin kamfanin yana neman a kore su.

Yahudawan Amsatadam suka shigar da koke, kuma a watan Afrilun 1655 shugabannin suka ba da amsa. Sun ce a bar su su zauna su yi kasuwanci, saboda asarar da suka yi a Barazil, da kuma hannun jarin da 'yan'uwansu suke da shi a kamfanin. Sharaɗin shi ne su ɗauki nauyin matalautansu da kansu. Sauran haƙƙoƙi kuwa da kaɗan-kaɗan aka same su. Misali, Asser Levy ya nace sai an bar shi ya yi gadin gari kamar kowa, a 1657 ya nemi matsayin ɗan gari aka ba Yahudawa shi, a 1660 kuma ya sami lasisin fawa.

5.0 Sauran Wurare

A tsibirin Kurasawo, inda suka fara zama a 1651, sun yi fice wajen fatauci da gaɓar Banezuwela, suna kai tufafi su sayo koko da taba da ƙiraga. A Surinam sun mallaki gonakin rake da bayi suke nomawa, suka gina majami'a a Jodensavanne a 1685. A wannan shekarar ce kuma Sarkin Faransa Luwi na 14 ya yi dokar da ta kori Yahudawa daga tsibiran da ƙasarsa take mallaka.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa zaman waɗannan fatake ya rataya ne ga amfanin da masu mulki suke gani a cinikinsu. Inda kamfani yake bukatar jari da dillalai, ana buɗe musu ƙofa. Inda sarki ya fifita haɗin kan addini, ana rufe ta. Duk da haka wasu daga cikin jama'o'in da suka kafa sun ɗore, kamar Shearith Isra'ila ta Niyu Yok, wadda take ƙirga tarihinta daga 1654.