Farar riga da baƙar riga: da ruwan ciki ake jan na rijiya

Akwai ƙofofi biyu a birnin Yamai waɗanda ba wanda ke zuwa gare su don marmari, wato ƙofar likita da ƙofar gidan shari'a. Ta farko ciwo ke kai mutum, ta biyu kuwa rigima. Duk wanda ya shiga ɗayansu, to, ya ɗauki ransa, ko dukiyarsa, ko mutuncinsa, ya damƙa a hannun wani ma'aikacin da bai sani ba. A can zai tarar da mai farar riga, a nan kuma mai baƙar riga. Kullum muna kukan yadda suke karɓarmu, amma ba safai muke tambayar halin da su kansu suke ciki ba. Me suka baro a gida da suka fito da safe? Nawa suke ɗauka a ƙarshen wata? Wannan tambaya ta shafi ɗan kasuwa kamar yadda ta shafi ma'aikaci, domin abin da albashi ya kasa cikawa, daga aljihun mai ciwo da mai ƙara ake cike shi.

Lokacin da rigar ke da kwarjini

Dattawa na iya tuna zamanin da malamin jinya yake babban mutum a gari. A ƙauye shi ne likita, shi ne mai ba da shawara, wurin biki kuma kujerarsa na kusa da ta hakimi. Ba banza ba aka sa wa makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta ƙasa da ke Yamai, wato ENSP, sunan marigayi Damure Zika, malamin jinyar nan da duniya ta sani ta hanyar finafinan Jean Rouch. Shi ma alƙali haka yake, idan ya wuce ana sassauta murya. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit ke shigowa, yaron da ya gama lakwal da takardar shaida bai san zaman jiran aiki ba: gwamnati ce ta karantar da shi, ita ce kuma za ta ɗauke shi.

To amma tun farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da asusun FMI. Aka rage ɗaukar sabbin ma'aikata, albashi ya tsaya wuri guda, jama'a kuwa sai ƙaruwa suke yi. Daga nan ne rigar ta fara kwance wa mai ita.

Shekarun ariyere

Duk ma'aikacin da ya yi aiki a shekarun 1990 ba zai manta da kalmar "ariyere" ba, wato bashin albashin da ya taru a wuyan gwamnati. Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo ƴancin faɗar albarkacin baki, amma bai cika baitulmali ba. Sai kuma ga watan Janairu na 1994, aka karya darajar kuɗin sefa a birnin Dakar. Faran guda na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20 cikin dare ɗaya. Magani, da shinkafa, da kayan gyaran babur, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. A wannan shekarar uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta USTN ta yi yajin aiki na kusan wata biyu tana neman ƙarin albashi. A 1995 kuma aka kai ga biyan albashi bayan kowane kwana 42, har ma'aikata na ba'a suna cewa watansu ya fi na kowa tsawo. Ko da ƙarnin ya ƙare, watanni da dama ne ma'aikata ke bin gwamnati.

Ƴan kasuwar Babbar Kasuwa, da Katako, da Wadata sun san wannan tarihi sarai, domin littattafan bashinsu ne suka riƙe gidajen ma'aikata da yawa. Buhun hatsi bashi, galan na mai bashi, kuɗin haya sai an yi albashi. Amma bashi na da iyaka. Malamin jinyar da ya yi wata uku bai ga ko tamma ba, kuma ga allura da magani a hannunsa, ko magatakardan kotun da mai gida ke barazanar fitar masa da kaya, kuma ga takardun mutane jibge a gabansa, dole kowannensu ya nemi dabara. Daga baya, a zamanin Shugaba Tanja Mamadu, biyan albashi ya daidaita, amma dabarun da yunwa ta koyar ba su tafi tare da yunwar ba. An gaje su, kamar yadda ake gadon kujera da teburi a ofis.

Mai farar riga

A yau ba kowane mai farar riga ba ne cikakken ma'aikacin gwamnati. Cikin ɗakin jinya guda za ka iya samun mutum huɗu masu aiki iri ɗaya, amma matsayinsu daban: ga wanda aka ɗauka aiki na dindindin, ga ɗan kwantiragi, ga ɗan bautar ƙasa, ga kuma ɗan sa-kai wanda ba ya cikin kowace takardar biyan kuɗi. Shi wannan na ƙarshe ya gama karatu, sau da yawa a makaranta mai zaman kanta wadda iyayensa suka sayar da gona ko dabba suka biya, ya zo yana aiki kyauta shekara da shekaru, da fatan wata rana za a tuna da shi. Da me yake shiga taksi? Da me yake cin abincin rana? Kowa ya san amsar, amma ba mai son furta ta.

Kuma kukan nasu bai tsaya ga kuɗi kaɗai ba. Akwai kwanan gardi, mutum ɗaya da gadaje masu yawa. Akwai rashin kayan aiki, wani lokaci har safar hannu sai mai jinya ya sayo. Tun daga dokar 1995 da ta ɗora wa marar lafiya biyan wani kaso na kuɗin magani, malamin jinya ne ya zama mai isar da mugun labari: shi ke miƙa takardar magani ga uban da ba shi da ko dala. Da aka zo da tsarin jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa a 2005 da 2006, jama'a sun yi murna, kuma an ceci rayuka. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗinsu, sai kantunan magani suka bushe. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta ne, ta zo an ce babu, wa za ta zaga? Ba minista ba, wanda ke gabanta. A 2024 an sake rage kuɗin jinya da rabi a gidajen likita na gwamnati. Wannan sauƙi ne ga talaka, sai dai darasin baya na nan: rangwamen da ba a biyo shi da kuɗi ba, a kan ma'aikaci yake sauka.

Ba abin mamaki ba ne idan gwanaye na neman ƙofar fita. Wasu na komawa ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, waɗanda suka yawaita a jihohin Maraɗi da Damagaram tun yunwar 2005. Wasu na raba ƙafa, safe a likitar gwamnati, maraice a kilinik mai zaman kansa. Wasu na farautar tarukan ƙara wa juna sani saboda kuɗin zama. Wasu kuma sai ƙetare. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijar cikin jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi tsanani, inda ta gargaɗi ƙasashe masu arziki da su daina zawarcin ma'aikatan irin waɗannan ƙasashe.

Mai baƙar riga

Wani zai ce: to su kuma mutanen shari'a, me ya kawo su cikin wannan zance? Ai su manya ne. Gaskiya ne alƙalai na da dokar aiki tasu ta musamman, da alawus da ya ɗara na sauran ma'aikata. Amma gidan shari'a ba alƙali kaɗai ba ne. Akwai magatakarda, da sakatarori, da tafintoci, da masinjoji, kuma a hannunsu takarda ke tafiya ko ta kwanta. Akwai kuma ɗaruruwan matasa da ke fitowa daga sashen koyon shari'a na Jami'ar Abdu Mumuni, alhali gurabun shiga aikin alƙalanci da na lauya ƴan kaɗan ne. Wanda ya yi sa'a ya samu koyon aiki a ofishin wani babban lauya, sai ya yi shekaru yana rubutu da zirga-zirga kan abin da maigidan ya ga damar ba shi. Galibin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, domin nan ne bankuna da kamfanoni suke. Ƴan ƙalilan ke samun manyan shari'o'i, saura kuwa na jiran talakan da ba ya iya biya. Shi ya sa a 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don tallafa wa marasa hali a gaban kotu.

Shi kuma alƙali, ciwonsa na wani wuri. Takardu sun fi ƙarfinsa, gidan kaso cike da masu jiran hukunci, sannan ga waya daga sama, ga roƙo daga dangi, ga tsoron a wayi gari an tura shi wani gari mai nisa saboda hukuncin da bai yi wa wani daɗi ba. An tattauna waɗannan matsaloli a babban taron gyaran harkar shari'a da aka yi a Yamai cikin watan Nuwamba na 2012. Shekaru da dama ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ce ke ɗaga murya a kansu, har zuwa watan Agusta na 2025 da hukumomi suka rushe ta tare da wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki, rufe baki ba ya warkar da ciwon ciki.

Wa ke cike giɓin?

Masu bincike sun daɗe da auna wannan lamari. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, kan gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, ya nuna yadda marar lafiyar da ba shi da sananne ba shi da kuɗi ke zama kamar ba a ganinsa. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke nan Yamai ta yi irin wannan aiki kan kotuna, musamman ta hannun Farfesa Mahaman Tijjani Alu. Abin da suka gano ɗan kasuwa ya san shi tun tuni: "na goro" kafin takarda ta fito, ɗan kamasho a bakin ƙofa, shari'ar bashi da ake ɗagewa har jarin mutum ya narke. Wannan wani haraji ne da ba a rubuta shi cikin kasafin kuɗi ba, kuma talaka ya fi kowa biyansa.

Sai dai a faɗi gaskiya, ƙarancin albashi dalili ne, amma ba hujja ba ne. Akwai ungozomar da ba ta taɓa karɓar dalar kowa ba, akwai alƙalin da ya yi ritaya a gidan haya da mutuncinsa. Akwai kuma mai babban albashi da hannunsa ya fi na kowa tsawo. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu da ke miƙawa don a tsallake da mu layi, muna da namu kason na laifi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, wanda aka ɗaga daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 a farkon 2024, shi ma ya isa ya tuna mana cewa mai ciwon da ake tatsa ya fi mai tatsar talauci.

Ina mafita?

Ba sai an je nesa ba. Na farko, a kawo ƙarshen aikin kyauta: wanda ake buƙatar aikinsa a ɗauke shi, a biya shi, a kan lokaci. Na biyu, a cika alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya. Na uku, ƙarin girma da canjin wurin aiki su bi cancanta, ba sanayya ba, domin babu abin da ke kashe zuciyar mai gaskiya kamar ya ga maciyin amana ya wuce shi. Na huɗu, a liƙa farashin kowace takarda da kowane aiki a bango, da Hausa da Zabarmanci, a kuma ba da rasit. Idan an yi wannan, sai hukunci ya hau kan wanda ya karɓa da wanda ya bayar, ba sani ba sabo.

Jama'a, yau kana da lafiya kuma ba ka da rigima da kowa. Gobe fa? Babu attajirin da ya fi ƙarfin ciwon dare, babu kuma babban ma'aikacin da ya fi ƙarfin sammaci. Ranar da ɗayansu ya zo, za mu so mu tarar da mutumin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa na kan aikinsa, ba kan aljihunmu ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.